Ciwon da ya wuce wata ukku: kaho, tausa, haɗin kemis, da abin da ke rage shi da gaske

Akwai wata baƙar leda da Innarmu ke ajiyewa ƙarƙashin filo, duk ɗan gidanmu ya san ledar nan. Ciki akwai Aboniki, akwai man kaɗe cikin gwangwanin madara, akwai ƙullin wani gari da anka kawo mata daga Illela, ga ragowar katin diclofenac, ga kuma wasu ƙwayoyi kala huɗu da yaron kemis ya ƙulla mata, ba suna ba kwali, ya ce haɗin sanyin ƙashi ne. Shekara shidda ke nan gwiwa na cin ta. An yi kaho, an yi tofi, an ɗauki hoto, an sha allura, kuma kowane ɗaya ya yi aiki na sati ɗaya ko biyu sannan ciwo ya dawo ya zauna inda ya saba zama. In ka zagaya unguwannin Sakkwato, Mabera ko Runjin Sambo ko Gidan Igwai, da wuya ka shiga gida ukku ba ka tarar da irin ledar ga ba, ko ta tsohuwa mai gwiwa, ko ta ɗan kabu-kabu mai ƙugu, ko ta tela da wuya ya riƙe mai.

Inda duk muke kuskure, mu da masu sai muna da magani, shi ne muna ɗaukar ciwon shekara shidda kamar ciwon jiya ne da ya ƙi tafiya. Likitoci sun raba su. Ciwon da ya wuce wata ukku, ko kullum ne ko yana tafiya yana dawowa, sun ba shi babinsa daban, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi haka cikin sabon kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022. Sabon ciwo kamar haushin kare ne ɓarawo ya diro gida, amfaninsa ke nan, ka taka ƙaya ya ce maka ɗaga ƙafa. Amma karen da anka sha shigo mai gida da dare, a ƙarshe ko ganyen dogonyaro ya faɗo sai ya tada unguwa. Jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga jiki zuwa lakar baya zuwa ƙwaƙwalwa haka suke, in sunka daɗe suna kai saƙo sai su zama masu saurin firgita, abin da bai kai ya yi zafi ba sai ya yi zafi, wani lokaci ma raunin asali ya daɗe da warkewa. Wanda anka yanke ma ƙafa yakan ji yatsun ƙafar da babu na mai zugi, kuma ba ƙarya yake ba. A 1995 wata mujallar likitoci ta Ingila ta buga labarin wani magini da ya diro kan dogon ƙusa ta huda takalminsa ta ɓullo sama, yana ta ihu sai da anka ba shi maganin zafi mai ƙarfi kafin a iya cire takalmin, ashe ƙusar tsakanin yatsu ta bi, ko ƙwarzane babu. Zafin da ya ji na gaske ne, ƙwaƙwalwa ce ta yanke hukunci cewa akwai haɗari.

Kada wani ya karanta wannan ya koma gida ya ce ma matarsa ashe raki ne. Ba raki ba ne. Abin da nake nufi shi ne girman zafi da girman lalacewar da ke cikin gaɓa ba kullum suke tafiya tare ba. An haɗa sakamakon hotunan MRI na mutanen da bayansu lafiya lau, ba su da ciwon komi, anka buga a 2015: cikin 'yan shekara 20, kashi 37 cikin ɗari faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu ya fara zaizayewa, cikin 'yan shekara 80 kuwa kashi 96. To kun ga mutumin da ya sai da tunkiya ya yi hoto anka ce mai ƙashin bayanka ya goge, ya dawo ya kwanta yana jiran ta Allah, wataƙila abin da hoton ya nuna furfura ce kawai ta ciki.

Shi ya sa ƙwaya ke ba mu kunya. Diclofenac da ibuprofen suna da amfani in gaɓa ta kumbura, na 'yan kwanaki, amma shan su wata da watanni shi ke kawo olsa da zubar jini a ciki da taɓuwar ƙoda, balle a garin da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40 mutum na azumi jikinsa ba ruwa. Tiramol kuwa kowa ya ga abin da ya yi muna. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ya yi da gwamnatin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan irin su tiramol da kodin ba bisa ƙa'idar likita ba. NAFDAC ta yarda da mai miligiram 50 da 100 ne, wanda NDLEA ke kamawa kwali-kwali mai 200 ne da 225. Da yawan yaran nan ba don maye sunka fara ba, ɗan dako ne ko mai haƙar yashi ko mai ban ruwan albasa a fadamar Goronyo, baya ya riƙe, abokinsa ya miƙo mai ja guda. Kuma abin haushin, wani gwaji da anka yi a Amurka kan tsoffin sojoji 240 masu ciwon baya da gwiwa da ƙugu, anka buga a 2018, bayan shekara guda waɗanda anka ba dangin mofin, wato magungunan zafi masu ƙarfi da tiramol ke cikinsu, ba su fi waɗanda anka ba magungunan zafi na yau da kullum samun sauƙi ba, sai dai illa da sunka fi kwasa.

To ina mafita? Nan ne kowa ke buɗe tasa jaka.

Mu fara da kaho tunda shi ne namu. Hadisi ya inganta a Bukhari cewa akwai waraka cikin zuma da kaho da lalas da wuta, kuma Annabi (SAW) ya hana al'ummarsa na ukkun, abin da ya kamata masu yi ma yara sakiya da jan ƙarfe su tuna. Neman magani kuma gadonmu ne a garin ga, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da na basir da na ciwon ido. Kaho yanzu ya zama na zamani, kofunan roba da famfo sun maye ƙahon sa, tun ma da anka ga zagayen tabonsa a kafaɗar Michael Phelps a gasar Olamfik ta 2016 Turawa sunka yi ca a kai. Mi bincike ya nuna? Mutane da dama na jin sauƙin wuya da baya bayan kaho, na kwanaki zuwa 'yan makonni. Amma wani gwaji a Brazil a 2021 ya gwada busasshen kaho, wanda ba a tsaga fata, da na bogi wanda kofin ba ya zuƙar komi, kan masu ciwon baya, sauƙin ya zo ɗaya. Ni dai ban ga abin faɗa a nan ba, wanda ya yi kaho don bin sunna ya samu ladarsa kuma ya samu 'yar sararawa. Abin da ba ni yarda da shi shi ne bayanin wanzami cewa baƙin jinin nan da ya daskare a kofi shi ne ciwon ya fita. Jini in ya fito daga jiki dole ya daskare, na mai lafiya ma haka yake. Sannan aska: reza sabuwa a ɓare ta gabanka, kofi kuma naka kai kaɗai, don ciwon hanta nau'in B ta jini yake bi kuma ya fi ƙanjamau saurin kamu. Mai ƙarancin jini, da mai sikila, da mai ciwon suga da rauninsa ba ya saurin warkewa, da mai shan maganin tsinka jini, su tambayi likita tukun.

Allurar Sin, wadda ake soka siraran allurai a jiki, labarinta ya fi ban mamaki. Jamusawa sun gwada ta kan masu ciwon baya sama da 1,100, sakamakon ya fito a 2007. Waɗanda anka soka ma a wuraren da masanan Sin sunka ce, kusan kashi 48 cikin ɗari sun ji sauƙi. Waɗanda anka soka ma sama-sama a wuraren da ba su ne ba, kashi 44. Waɗanda anka bari kan kulawar asibiti da anka saba, kashi 27. Ku duba lissafin ga da kyau, ta bogin ma ta doke kulawar da anka saba. Ma'ana zaman da mai magani ya yi da kai, da taɓa jikinka da ya yi, da sa ran da ka yi, su kansu suna rage zafi, jiki na da nasa sinadaran kashe zafi da yake saki. Ko tiyata ba ta tsira ba, a 2002 a Amurka an yi ma wasu masu amosanin gwiwa aikin wanke gaɓa, wasu kuma anka ɗan tsaga fata kawai anka ɗinke, bayan shekara biyu ba bambanci. Wanga shi ne sirrin da ya sa wanzami da mai ɗori ke cin kasuwa, suna da lokacinka. Likitan da layin mutum sittin ke jiransa minti ukku zai ba ka, ko gwiwar ba lalle ya taɓa ba.

Tausa da gashi su ma suna da hujja. Tun 1965 wasu masana biyu, Melzack da Wall, sunka bayyana cewa saƙon taɓawa da saƙon zafi ƙofa guda suke bi a lakar baya, in na taɓawa ya yi yawa sai ya tare ma na zafi hanya, shi ya sa yaro in ya buge uwa ke murza wurin. Man zafi da tsumman ruwan ɗumi da jikar da ke taka ma kaka baya duk ta nan suke aiki. Barkono ma yana ciki, sinadarin da ke sa shi yaji ana haɗa man shafawa da shi, in an daɗe ana shafawa sai jijiyar wurin ta gaji da kai ƙara, kuma wanda ya gano yadda jijiya ke jin yajin, David Julius, ya samu kyautar Nobel a 2021. Ban ce a kirɓa tattasai da attaruhu a ɗaure a gwiwa ba don Allah, na ga wadda ta yi da tafarnuwa fata ta saluɓe.

Saiwa da sassaƙe kuwa, ba wanda zai raina su, asfirin asalinsa daga ɓawon itace ne, mofin daga fure. Citta da kurkum an gwada su kan amosanin gwiwa an ga ɗan sauƙi, kaɗan dai, haka wani ɗan'uwan itacen hano da ke Indiya. Matsalar ba ta ganyen ba ce, ta gorar da mai lasifika ke yawo da ita bakin kasuwa ce, gora guda wai tana maganin sanyi da basir da taifot da ƙarfin maza. Ka'idata a nan guda ce: duk maganin gargajiyar da tsohuwa ta sha da dare ta tashi da safe tana taka rawa, a ji tsoronsa. Ganye ba ya wannan saurin. Wanda ke wannan saurin shi ne dexamethasone ko prednisolone, dangin abin da 'yan mata ke kira sha-ka-fashe, kuma an sha gano irinsu an niƙa cikin magungunan da ake cewa na gargajiya ne a ƙasashe da dama. Wata ukku ana sha sai fuska ta yi tulu-tulu, a ce ai ta murmure, ashe suga ne ke hawa, jini na hawa, ƙashi na zama kamar ɓawon gyaɗa, kan ƙashin ƙugu ma yana iya mutuwa. Haɗin da ke ledar Inna da munka kai anka duba, biyu daga cikin huɗun diclofenac ne da ibuprofen, dangi guda an ninka mata, na ukku prednisolone. Kuma irin wannan ba a yanke shi rana ɗaya in an daɗe ana sha, sai likita ya riƙa ragewa sannu-sannu.

Yanzu ga wanda ba mai sai da shi, shi ya sa ba ka jin tallarsa a rediyo: motsa jiki. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan ciwon baya mai daɗewa, ta ce ciwon baya gaba ɗaya, sabo da daɗaɗɗe, mutum miliyan 619 na fama da shi a 2020. Abin da ta sa gaba shi ne a fahimtar da mai ciwo abin da ke damunsa, a sa shi atisaye, a haɗa da tausa ko allurar Sin in da hali, a kula da halin zuciyarsa. Ta ce a bar ɗaura bel ɗin baya, a bar jan baya da na'ura, a bar dangin tiramol. Bel ɗin nan da 'yan kabu-kabu ke ɗaurewa tamau ƙarƙashin riga ke nan. Mu kuwa al'adarmu in mutum na ciwo tausayi shi ne a ce kwanta, kada ka taɓa komi, yara su ɗauko buta su kawo. Wata shidda a kwance naman cinya ya zube, gwiwa ta rasa mai tallafa mata, nauyi ya ƙaru, barci ya lalace, sai ciwo ya ninka, sai a ƙara kwanciya. Gurunguntsin gaɓa ba ya da jijiyar jini, da motsi yake samun abincinsa, kamar soso ne da sai an matsa an saki. Kuma an auna, duk kilo guda da mai ƙiba ya rage yana sauke ma gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku.

Sai dai akwai dabara, kuma nan mutane ke faɗuwa. Ranar da jiki ya yi daɗi sai Hajiya ta share tsakar gida, ta yi wanki, ta tafi biki Arkilla, gobe ta kwanta kwana huɗu ta ce ai motsi ne ya tada shi. Masu gashin ƙashi abin da suke koyarwa shi ne a fara ƙasa da abin da za ka iya, in tafiyar minti goma ke tada ciwon ka yi bakwai, kullum, ranar daɗi da ranar wuya, bayan sati ka ƙara minti guda. Bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, ba cikin ranar Sakkwato ba. Ɗan zafi lokacin atisaye ba alamar ɓarna ba ne in ya lafa kafin gobe. Akwai sashen gashin ƙashi a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga kuma asibitin ƙashi na Wamakko, kuma ko zuwa biyu ko ukku mutum ya yi aka koya mai abin da zai riƙa yi a gida ya rage asara. Kuskuren da muke yi can shi ne mu kwanta a kunna muna fitila mai ɗumi da na'ura mai tsikari mu taso, mu bar takardar atisayen cikin aljihu. Ai takardar ita ce maganin, fitilar share fage ce. Haka nake kallon kaho da tausa duka: suna buɗe maka 'yan kwanakin sauƙi, in ka yi tafiya cikin kwanakin ka ci riba, in ka kwanta cikinsu kuɗinka sun tafi.

Saura zuciya da barci, waɗanda in likita ya taɓo su sai a ji haushi a ce yana nufin taɓin hankali. Duk wanda ya kwana bai runtsa ba ya san gobe komi ya fi zafi. Bashi, kishiya, ɗa da ya ƙi jin magana, fargabar hanyar Isa da Sabon Birni, duk suna ƙara ma karen nan saurin haushi. Akwai magani na zama da masanin halayya a warware tunanin da ke cewa na gama yawo, ƙashina ya ruɓe, kuma hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta sa shi cikin abin da ta yarda da shi a 2021, tare da atisaye. Wani lokaci likita zai rubuta amitriptyline kaɗan da dare, mutum ya bincika a waya ya ga maganin damuwa ne ya jefar, alhali a ƙaramin awo don zugin jijiya ake ba da shi. Mu kuma muna da abin da Turawa ke biyan kuɗi su koya, natsuwa da jan numfashi a hankali. Hadisin Usman ɗan Abil As a Muslim ya koyar da ɗora hannu inda ke ciwo, a yi bisimilla sau ukku, a nemi tsari sau bakwai. Wanda ya yi haka da natsuwa ya yi ibada, kuma tsoron da ke hura ciwon ya ragu. Haƙuri dai ba shi ne a zauna ba a nemi magani ba.

Duk bayanin ga bai shafi wasu ciwuka ba, kuma kada a haɗa. Ciwon baya da rama da zazzaɓi da zufan dare na iya zama tarin fuka ne ya shiga ƙashin baya, ana warkewa da magani, ana kuma gurguncewa in an tsaya kaho. Ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ya riƙe ko yana zuba ba a sani ba, wannan asibiti ne a ranar. Makiyayi ko mai shan nonon da ba a dafa ba da ke fama da gaɓoɓi da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, akwai cutar da ake ɗauka daga dabbobi, a faɗa ma likita sana'ar. Mai sikila in ciwonsa ya tashi, da mai daji, su maganin zafi mai ƙarfi haƙƙinsu ne, kada tsoron tiramol ya sa a bar su suna murƙususu, abin gudu shi ne allurar penta, wato pentazocine, dangin mofin, da ake koya ma yaro yi ma kansa a ɗaki har cinya ta ruɓe.

Inna dai ba ta warke ba, kuma ba wanda ya yi mata alkawarin haka. Da mai gashin ƙashin da ke duba ta ya tambaye ta abin da take so ta koma yi, ba ta ce komi kan gwiwa ba, cewa ta yi, "Ɗana, ni dai in kai goshina ƙasa, shekara biyu bisa kujera nike salla." Ya ce mata sallar zaune ta inganta, ta ce ta sani, malam ya faɗi, ita dai ƙasa take so. Wata biyar tana tashi-zauna daga bakin gado sau goma safe da yamma, tana zagaya gida da carbi a hannu tana ƙirga taku, man kaɗenta na nan, kahonta na nan lokaci-lokaci, haɗin kemis ne kawai munka raba ta da shi da ƙyar. Yanzu asuba da magariba a ƙasa take yinsu, da dafa bango wajen tashi. Azahar da la'asar da lisha har yau kujera, ta ce raka'a huɗu ta yi ma gwiwar yawa, kuma da hunturu ya shigo bara sai da ta koma kujerar gaba ɗaya na kusan sati ukku kafin ta sake sauka.